Zuciyar Lawan Masaba

Teburin Lawan yana bakin titin da ya ratsa Gyaɗi-Gyaɗi, ƙarƙashin wata rumfar kwano, kusa da masu faci. A nan na fara sayen nama a ƙarshen shekarar 1998, watan da na dawo daga Alƙahira, inda na yi shekara shida ina koyon aikin ciwon zuciya. A lokacin ban san ko shi wane ne ba. Abin da na lura da shi kawai hannunsa na hagu ne. Ya fi na dama kauri, gaɓoɓin yatsun sun yi kanta, kamar an taɓa farfasa su aka sake jera su a gaggauce. Da wannan hannun yake riƙe gatari, kuma sara ɗaya yake yi wa ƙashin cinyar sa ya rabu biyu.

Masu facin ne suka gaya mini cewa ɗan dambe ne, kuma saboda hannun nan ake kiransa Masaba, irin wadda maƙera ke dukan ƙarfe da ita.

A wani ƙauye kusa da Rano aka haife shi, a gidan mahauta. Ubansa, wanda ake kira Ɗan Indo, ya yi shekara ashirin yana dambe kafin ya rasu. Lawan ya zo Kano yana da shekara goma sha bakwai, ya fara da wanke kayan ciki a kwata, har ya samu teburinsa. Lokacin da na san shi ya haura talatin da biyar. Kunnensa na dama ba ya ji, tun ranar da wani ɗan damben Gusau ya sauke masa naushi a kai. Haƙoransa uku na gaba suna can a wani fili a Wudil. Shi ma ya bar wa mutane abin tunawa. Akwai wanda ya karya wa haƙarƙari biyu, akwai wani mutumin Ƙauyen Alu da ya kauda wa muƙamuƙi, wanda har ya mutu koko da kunu kawai yake iya sha. Idan Lawan yana ba da labarin waɗannan abubuwa ba ya dariya, ba ya kuma nuna nadama. Yana faɗa yana yanka nama.

A farkon watan Mayu na 1999 mura ta kama shi. Ba wata babba ba ce: majina, ciwon jiki, ɗan zazzaɓi da yamma. Matarsa Uwani ta dafa masa citta da kanumfari da masoro, kwana uku ya miƙe. A rana ta huɗu ya yi abin da 'yan dambensu suka saba yi. A wurinsu zazzaɓi ba ya fita duka da kansa, sai an kore ragowarsa da gumi. Ya huda buhu ya zura a jiki, ya yi gudu daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Tarauni ya dawo da tsakar rana. Sati guda yana haka.

Bayan kamar kwana goma na je teburinsa. Ya ɗaga gatari ya sari ƙashi, bai rabu ba. Ya sake, bai rabu ba. A na uku ya rabu, amma sai na ga ya dafa kututturen yana jan numfashi da baki. Na kalli ƙafarsa, na ga igiyar silifas ta nutse a cikin kumburi.

"Malam Lawan, yaushe ka fara haki haka?"

"Likita, naman ne ya tsufa. Wannan sa ya ga mulkin soja uku."

"Da dare kana iya kwanciya a miƙe a kan tabarma, ko sai ka jingina?"

Ya goge wuƙa a jikin rigarsa. "Uwani ce ta gaya maka?"

"Ban taɓa ganin Uwani ba."

A lokacin ina wani ɗan bincike nawa a asibiti. Ina duba zukatan mutanen da suka warke daga mura da makamantanta, don in ga ko ciwon yana barin wani abu a baya. Na riga na duba mutum arba'in da wani abu. Kusan dukkansu lafiya ƙalau, zuciya tana matsewa tana saki yadda ya kamata. Na roƙi Lawan ya zo in ƙara da shi. Ya ce zai zo ne kawai don ya ga injin da ake cewa yana leƙa cikin mutum ba tare da wuƙa ba, tunda shi duk zuciyar da ya taɓa gani sai da ya farke ciki tukuna.

Washegari da safe ya zo, Uwani na biye da shi. Doguwar mace ce marar yawan magana, ta zauna a bakin ƙofa ta riƙe masa hula. Na shafa masa wani mai a ƙirji, na ɗora kan na'urar, hoton ya fito a allo. Zuciya mai lafiya tana matsewa ne kamar dunƙulen hannu. Tasa tana motsi a kasale, bangon hagu da ƙyar yake shigowa, kuma lokaci lokaci sai ta yi wani bugu da ba a kan layi ba. Na juya masa allon.

Ya daɗe yana kallo. Mahauci ne, ya san yadda abin yake. "Wannan ta saki," in ji shi. "Irin ta tsohuwar saniya."

Na yi masa bayani a hankali. Ƙwayar cutar da ta sa shi mura ta taɓa tsokar zuciyar, ta kumbura ta. Ba kowa hakan ke samu ba, kaɗan ne ƙwarai. Gudun da ya yi cikin buhu ya ƙara mata rauni. Idan ya sha magani ya huta wata shida, ba gudu, ba ɗaukar cinyar sa, ba dambe, akwai kyakkyawan zaton za ta koma daidai. Idan ya matsa mata kafin nan, tana iya rikicewa ta tsaya a tsakiyar aiki.

"Mura fa, Likita. Majina."

"Mura."

"Mutumin Gusau bai kashe ni ba, sai majina."

Uwani ta yi magana daga bakin ƙofa, ba ta ɗago kai ba. "Ka ji dai abin da ya ce. Wata shida."

Ya yi sati huɗu yana bin doka. Ya bar wa abokin aikinsa Rabi'u sara da ɗauka, shi yana zaune yana awo. Kumburin ƙafar ya sauka. Har ya fara tsokanata, wai na mayar da shi mai jego, saura a kawo masa kunun kanwa.

A cikin waɗannan makonni ne sojoji suka miƙa mulki. Gari ya cika da fastoci da gangami, kowane sabon zaɓaɓɓe yana neman abin da zai tara jama'a da shi. Wani sabon kansila ya sa a shirya dambe a wani fili a Tarauni, ranar Asabar bayan la'asar. Tare da shi akwai samarin da suka yi masa yaƙin zaɓe, masu yawo da gora da barandami, waɗanda har yanzu ba a gaya musu zaɓe ya wuce ba. Wasan da kowa ke son gani shi ne Lawan da Magaji. Magaji ƙanen mutumin nan ne na Ƙauyen Alu da Lawan ya kauda wa muƙamuƙi. Shekara goma yana girma yana jiran wannan rana.

A nan sai in faɗi abin da ni ban sani ba sai da Uwani ta gaya mini. Kowane babban ɗan dambe yana da takensa, wani kiɗa na kalangu da ake yi masa shi kaɗai. Lawan ba shi da nasa. Na ubansa ya gada. A al'adar gidansu, idan aka kaɗa taken Ɗan Indo a fili kuma ɗansa yana wurin ya ƙi tashi, to an shaida wa duniya Ɗan Indo bai haifu ba. Mutum ɗaya ne ke da ikon kaɗa shi: Malam Habibu, tsohon makaɗin da ya yi wa uban kiɗa, yake yi wa ɗan.

Uwani ta je har gida ta durƙusa wa Malam Habibu. Ya ce mata, "Tashi, 'yata. Ni na kaɗa wa ubansa har ya bari. Ba zan kaɗa wa ɗansa ya tafi kabari ba." Lawan kuma ya ce mata kallo kawai zai je, don kada a ce ya ɓuya. Ba ta yarda ba. Ranar Asabar da azahar ta zo ƙofar gidanmu da kanta, ta ce, "Likita, mata ba sa shiga wurin nan. Ka je ka zauna kusa da shi."

Na je. Filin ya cika, mutane har kan katanga da rassan darbejiya. An kafa wa kansila rumfa da kujeru. Na sami Lawan a kan benci cikin mahauta, da doguwar riga da hula, hannunsa ba ɗauri. Ya matsa mini wuri.

"An aiko ɗan sanda," ya ce wa Rabi'u.

An yi wasa huɗu na ƙanana. A na uku wani saurayi ya tofar da haƙori a gabanmu, ya duƙa ya ɗauka ya sa a aljihun wando. Sannan Magaji ya fito. Baƙi ne, gajere, wuyansa da kansa kusan kauri ɗaya. An naɗe masa hannun dama da zare tun daga yatsu har wuyan hannu, ya zama kamar kan taɓarya. Ya zagaya fili, ya zo ya tsaya a gabanmu.

"Baba Lawan, sannu da jiki. An ce majina ta kwantar da kai."

Jama'a suka yi dariya. Magaji ya ƙara matsowa.

"Ko in aiko maka da koko? Akwai sauran wanda yayana ya bari."

Lawan ya ce, "Ka gaida gida, Magaji."

Aka aiko daga rumfa cewa a kaɗa taken Ɗan Indo. Malam Habibu yana zaune da kalangunsa a cinya, ya ce hannunsa ya gaji. Aka sake aikowa, ya ce bai iya ba, ya manta. Sai uku daga cikin samarin kansila suka taso. Ɗaya ya fizge kalangun, ɗaya ya ture tsohon ya faɗi a kan gwiwa. Malam Habibu ya miƙa hannu zai kamo igiyar kalangunsa, na ukun ya sauke masa gora a kan yatsu. Daga inda nake na ji ƙarar. Suka jefa wa makaɗin ɓangaren Magaji kalangun, shi kuwa ya rataya ya fara. Bai iya sosai ba, amma kowa a filin ya gane kiɗan.

Na kama hannun rigar Lawan. "Malam Lawan, ba Habibu ne ya kaɗa ba. Wannan ba ya cikin lissafi."

"An kaɗa," in ji shi.

"Ka ga hoton da idonka."

"Na gani. Sake ni, Likita, kada in yaga rigar."

Ya tuɓe. Rabi'u ya ciro zare daga aljihu, abin da ya nuna mini cewa tun daga gida sun san inda za a ƙare. Yana naɗa masa yana kauda kai daga kallona.

Dambe turmi uku ne, wato zagaye uku, kuma duk wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an buge shi. A turmin farko Magaji bai nemi fuska ba. Ya ji labarin ciwon, don haka ƙirji da haƙarƙari ya yi ta nema. Naushi na farko ya sauka a ƙasan nonon hagu, ƙararsa kamar an doki buhun gero. Na biyu ya goce sama ya fasa wa Lawan gira, jini ya rufe masa ido ɗaya. Lawan ya kai naushi sau biyu bai samu ba. Da aka raba su ya dawo yana jan iska da baki, leɓɓansa sun yi toka. Na kama wuyan hannunsa na dama. Bugun yana gudu yana tsallake.

"Ya isa. Ka tashi, ka shiga, an gani. Uban naka ya haifu."

Ya kurkure baki ya tofar da jini. "Saura kaɗan."

A turmi na biyu bai motsa daga inda ya tsaya ba, don ba shi da numfashin zagaye. Ya bar Magaji ya zo. Magaji ya shure shi a cinya, ya ƙara masa ɗaya a kunnen da ba ya ji, sannan ya matso don ya gama. A nan Lawan ya saki hagun. Ta sami Magaji a tsakiyar fuska. Hancin ya baje, jini ya yi tsartuwa har kan rigar alƙalin wasa, Magaji ya tafi da baya ya zauna daɓas, ya dafa ƙasa da hannu biyu.

Fili ya kaure da ihu. Mahauta suka ruga. Lawan ya ɗaga hannun da aka naɗe, ya juya yana neman inda Malam Habibu yake. Ya yi taku biyu, gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya kife da fuska.

Wani a cikin mahauta ya ce an yi masa jifa, asiri ne daga mutanen Magaji. Kafin a ƙifta ido an zaro wuƙaƙe. Samarin kansila suka shigo da gora, benci ya tashi sama, wani ya faɗi kusa da ni da sara a kafaɗa. Na rarrafa na isa wurin Lawan na juya shi. Ba ya numfashin kirki, ban ji bugu a wuyansa ba. Na dunƙule hannu na doki tsakiyar ƙirjinsa, na haɗa tafuka na fara dannawa.

Mutanensa ba su taɓa ganin haka ba. Abin da suka gani shi ne wani mai tabarau yana dukan ɗan dambensu da ya faɗi. Wani ya haure ni a haƙarƙari, wani ya kwaɗa mini wani abu a ƙeya, tabarau ya tashi. Na koma na ci gaba. Rabi'u ne ya tsaya a kaina da wuƙar fawa a hannu yana cewa, "Likitansa ne. Duk wanda ya sake taɓa shi sai na farke shi." Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na ji ƙashi ɗaya ya karye a ƙarƙashin hannuna. Can sai Lawan ya ja wani numfashi mai ƙara, bugun ya dawo, siriri, ba tsari.

Ana buƙatar a fitar da shi zuwa titi, kuma tsakaninmu da titi faɗa ake yi. Ni da Rabi'u muka kasa ɗaga shi. Sai ga Magaji, jini har cibiya, zaren yana hannunsa. Rabi'u ya ɗaga wuƙa. Magaji bai ko kalle shi ba, ya duƙa ya saɓa Lawan a kafaɗa kamar cinyar sa.

"Ba a hannuna zai mutu ba, a ce da asiri na yi," ya faɗa ta cikin karyayyen hanci. "Ku buɗa hanya."

Ganin su biyun tare ya sa aka dare. Muka tsayar da wata tasi.

Lawan ya yi kwana goma sha tara a asibiti. Ya rayu, kuma har yau idan na tuna yadda aka yi na san ba gwanintata ba ce. Amma zuciyar ba ta koma ba. Bayan wata shida na sake ɗora masa na'urar. Ta buɗe ta yi faɗi, bangon ya yi siriri, abin da take turawa bai kai rabin na mai lafiya ba. Ya kalli allon, ya kalle ni.

"Da na zauna fa?"

"Da wataƙila yanzu kana sara ƙashi."

Ya gyaɗa kai. "Ka rubuta a takardar taka. Ka ce kada su sa buhu."

Na rubuta. Na kuma bi kwata da rumfunan mahauta ina faɗa, cewa wanda ya tashi daga zazzaɓi ya ji haki ko bugun ƙirji ya zo a duba shi kafin ya koma fili. Wasu sun zo. Da yawa sun ce Lawan jifa aka yi masa.

Bai sake riƙe gatari ba. Yana zama a kan benci yana awo, Rabi'u na sara. Malam Habibu ma bai sake riƙe kalangu ba, don yatsu uku sun ƙage a lanƙwashe. Kullum da hantsi yakan zo ya zauna kusa da Lawan, su biyu suna kallon titi. Wata rana ina tsaye ina jiran a ɗaure mini nama, sai na ji tsohon yana ƙwanƙwasa gefen teburin da yatsun hagu, a hankali. Taken Ɗan Indo ne. Na ga kafaɗun Lawan sun motsa, ƙafarsa mai kumburi ta ja baya tana neman ƙasa.

"Baba Habibu, me kake yi haka?" na tambaya.

"Koya masa zama nake," in ji tsohon. "Kullum sau ɗaya. Jiya har na kai ƙarshe bai ɗaga ɗuwawu ba."

Lawan ya riƙe bakin bencin da hannun nan na hagu, ya ƙura wa sikeli ido har kiɗan ya ƙare. Sannan ya saki numfashi, ya ƙara mini tsoka ɗaya a kan awon.

Ya yi shekara uku da wata biyu a haka. Ya ga auren babbar 'yarsa Hasana. Ya rasu cikin damina ta 2002, da safe, yana jingine da bango a tsakar gida, Uwani tana dama masa koko. Magaji yana cikin waɗanda suka ɗauki makara.